Kitsen Jini da Ɗan Manomin da Ya Samo Maganinsa

Ƴan'uwana ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na birni da na ƙauye, barkanmu da war haka. Ina gaishe ku daga nan Gure, ƙasar Muniyo, cikin jahar Damagaram. Ina gaida malamanku da ke zaune tare da ku a gindin rediyo. Wanda ke da kaye da bik ya jawo su kusa, don akwai kalmomi da lambobi da za mu rubuta kafin mu tashi.

Hirarmu ta yau ta lafiyar jiki ce. Za mu yi maganar wata cuta da ke shiga jikin mutum ba sallama, da labarin wani mutum da ya ƙare rayuwarsa wajen neman maganinta. Amma bari in fara da abin da ya sa na ɗauko wannan zance.

A ajinmu akwai wani dattijo, shekarunsa sun kai sittin. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Baba muke ce masa. Sana'arsa saye da sayar da dabbobi a kasuwannin Subdu da Gidigir. Ya shigo karatu ne don ya riƙa rubuta lissafin bashinsa da hannunsa. Cikin wata bakwai ya iya rubuta sunansa da na abokan cinikinsa. Duk ajin ba wanda ya kai shi tsabtar rubutu.

Bara, wata rana da asuba, ya ɗauki buta zai yi alwala, sai butar ta kuɓuce daga hannunsa na dama. Bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa ne. Aka yi kwana biyu ana hayaƙi da shafe-shafe kafin a kai shi likita. Lokotoro ya duba, ya ce wata jijiyar jini ce ta toshe cikin ƙwaƙwalwarsa.

Da na je gaishe shi, sai ɗansa ya nuna mini wata takarda da aka samu cikin jakarsa. Takardar likita ce, tun ta shekara biyu da suka wuce. An rubuta awon jininsa ya hau ƙwarai, an kuma rubuta masa magani. Ya sha na wata ɗaya, ya bari. Na ce, "Baba, don me kuka bar shan maganin?" Da ƙyar ya haɗa maganar, ya ce, "Malam, ai ban ji ciwon komi ba."

Jama'a, ku riƙe wannan amsa ta Baba. A kanta hirarmu take tafiya.

Yadda jini ke yawo cikin jiki

Duk wanda ya taɓa aikin garka cikin kwari ya san yadda ake ban ruwa. Ana jawo ruwa daga rijiya, a zuba a babbar hanya. Babbar hanya ta rabu ƙanana, kowace ta kai ruwa ga fangalinta. Fangalin da ruwa bai kai gare shi ba, shukarsa ta bushe.

Haka jikinmu yake. Zuciya ce mai tura jini, dare da rana. Jijiyoyin jini su ne hanyoyi. Ƙwaƙwalwa, da ƙoda, da ƙafafu, da ita kanta tsokar zuciya, su ne fangulla. Jini ke kai musu abinci da iskar da muke shaƙa.

Cikin jinin nan akwai wani irin maiƙo. Likitoci na ce masa kolestarol, mu kuma mu ce kitsen jini. Kowane mutum yana da shi, kuma jiki yana bukatarsa. Da shi ake gina bangon ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jiki. Da shi hanta ke yin ruwan matsarmama mai narka maiƙon abinci. Kaɗan ne daga cikinsa ke shigowa ta baki. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi da kansa, hanta ce kuma babbar maƙerar.

Kun san mai ba ya gauraya da ruwa. Saboda haka kitsen nan ba ya tafiya shi kaɗai cikin jini, ɗaukarsa ake yi. Masu dakon iri biyu ne manya. Ku rubuta sunansu, don za ku gan su bisa takardar awon jini. Na fari LDL, shi ke kai kitse zuwa sassan jiki. Na biyu HDL, shi ke kwaso ragowar ya mayar ga hanta. In LDL ya yi yawa, sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya yana zube kayansa a can.

Mu mutanen Gure mun san aikin rairayi. Ba wanda ya taɓa ganin tudun rairayi yana tafiya. Amma tsofaffinmu suna nuna mana wurin da dā dabino ke tsaye, yau sai kansa kaɗai ake gani. Haka kitse ke taruwa a bangon jijiya, shekara ashirin, shekara talatin, hanya tana ta ƙuntata, mutum bai ji komi ba. Ran nan sai wurin ya tsage, jini ya daskare a bakinsa, hanya ta toshe gaba ɗaya. In a zuciya ne, mutum ya dafe ƙirji, wani ko shurawa ba ya yi. In a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye, kamar yadda ya samu Baba. In a ƙafa ne, sai ciwon sha-raɓa in an yi tafiya, ko gyambon da ba ya warkewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17 da dubu 900. Ba wata cuta da ta kai su kisa a duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mamata kuwa a ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin hali.

Tun 1913 wani likita na ƙasar Rasha, Nikolai Anickof, ya ciyar da zomaye wannan kitse, ya ga jijiyoyinsu sun lalace kamar na mutane. Amma sanin cuta daban, samun maganinta daban. An yi shekaru da yawa ba a samu magani mai ƙarfi da jiki ke ɗauka cikin sauƙi ba. Wanda ya buɗe wannan ƙofa ɗan manomi ne kamar ni da ku.

Yaron ƙauye

Ku biyo ni can gabas mai nisa, zuwa Japan, ƙasar da ake ƙera motocin Toyota da muke shiga zuwa kasuwa. A arewacinta akwai wani lardi mai tsananin sanyi, ana ce masa Akita. Nan aka haifi Akira Endo, ran 14 ga watan Nuwamba 1933, a gidan manoma.

Kakansa mutum ne mai son sanin tsirrai da magunguna, shi ya fara buɗe masa ido. Tun yana yaro abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne naman kaza da fumfuna. Kun san fumfuna, wannan abu mai kama da auduga, fari ko kore ko baƙi, da ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu ko hatsin da ya sha laima. Kowa ƙyamarta yake yi. Shi kuwa yaron nan tambaya yake yi a kanta. A ƙasarsu akwai wani naman kaza da ke kashe ƙuda, amma mutane na cinsa lafiya. Wannan ya daɗe yana ba shi mamaki.

Ya shiga jami'ar Tohoku, sashen aikin gona, ya gama a 1957. Ku lura, ba karatun likita ya yi ba. Yana ɗalibi ya karanta tarihin wani Bature na Birtaniya, Alekzanda Filemin, wanda a 1928 ya gano penisilin daga fumfuna. Penisilin ɗin nan da ake yi mana allurarsa, asalinsa ke nan. Endo ya sa a ransa shi ma sai ya samo wa mutane wani abin amfani daga fumfuna. Littafi guda ne ya nuna masa hanya. Ku da kuke koyon karatu yanzu, ku ji wannan da kyau.

Ya kama aiki a wani kamfanin magani na birnin Tokiyo mai suna Sankyo. Aikinsa na fari ba na magani ba ne ma. Wani sinadari ya samo daga fumfuna wanda ke tace ruwan ƴaƴan itace ya yi garau. Daga 1966 zuwa 1968 aka tura shi ƙaro ilimi a wata makarantar likita ta birnin Niyok, a Amurka. A can ya ga abin da bai saba gani a gida ba: mutane masu ƙiba da yawa, motocin asibiti kuma kullum suna kwasar waɗanda zuciya ta buge. Ya komo gida da niyya guda.

Ga dabarar da ya yi. Mata, ku kuka fi kowa sanin aikin fura. Sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an daka, an dafa, an kirɓa. In aka ɓoye taɓarya, aiki ya tsaya, ko da hatsi cike da rumbu. To, ita ma hanta sai ta bi matakai wajen talatin kafin ta gama ƙera kitsen jini, kuma akwai mataki guda da ya zama taɓaryar aikin. Masana sun riga sun san wannan mataki. Abin da ba a samu ba shi ne mai riƙe taɓaryar.

Endo ya yi tunani ya ce, fumfuna tana zaune cikin abokan gaba, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Waɗansunsu ba sa girma sai da irin wannan maiƙo. Ashe ba mamaki wata fumfuna tana da makamin da ke hana su ƙera shi. In an samu wannan makami, watakila ya yi aiki a hantar mutum.

Gwaji 6,000

A 1971 ya fara, shi da ƴan abokan aikinsa. Su shuka fumfuna cikin kwalba, su jira ta girma, su tace ruwanta, su gwada, su rubuta. Ba ta yi ba, su ɗauko wata. Haka kullum. Bayan sun gwada iri 3,800 suka samu wata mai aiki. Murna ba ta daɗe ba, don an ga abin yana lalata ƙoda. Aka ajiye shi, aka ci gaba.

Ku tsaya ku auna wannan. In malaminku ya ce ku rubuta baƙi guda sau ɗari, hannu ya gaji, rai ya ɓaci. Mutanen nan sun gwada fumfuna wajen iri 6,000 cikin shekara biyu, kowace da lambarta, kowace an rubuta abin da ta yi. Da ba su rubuta ba, da ba su san wadda suka gwada da wadda ta rage ba.

Wadda suke nema ta fito daga wata ƴar shinkafa da aka ɗebo a shagon mai sayar da hatsi a birnin Kiyoto. Fumfuna ce mai launin shuɗi-kore, dangin wadda ta ba da penisilin. A 1973 suka ware sinadarin da ke cikinta, wanda daga baya aka sani da suna kompaktin.

A nan zan ja kunnenku. Kada wani ya ji wannan ya ce fumfuna magani ce, ya ci hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna. Wasu fumfunan gyaɗa da na masara suna da dafi mai lalata hanta, har ya kawo ciwon daji. Endo abu guda tak ya tsamo daga cikin dubbai, aka tace shi, aka auna shi. Abincin da ya yi fumfuna na zubarwa ne.

Ɓeraye sun ƙi, kaji sun karɓa

Ba a ba mutum sabon magani sai an gwada shi ga dabbobi. Aka ba ɓeraye, kitsen jininsu bai sauka ba ko kaɗan. Manyan kamfani suka ce aikin banza ne. Wani da ya bar shi nan. Endo ya shafe shekara biyu yana binciken dalili, har ya gane jikin ɓera yana da tasa hanya ta kauce wa maganin.

Sai ya tuna da kaza. Ƙwai cike yake da wannan kitse, ke nan kaza mai ƙwai kullum cikin ƙera shi take. Wani abokin aikinsa yana da kaji da ya gama nasa gwaji da su, ya ba shi. A 1976 aka ba kajin magani. Cikin wata guda kitsen jininsu ya ragu da rabi. Aka gwada ga karnuka da birai, nan ma ya sauka.

Saura mutum. Akwai waɗanda ke gadon wannan cuta daga iyaye, kitsen jininsu yana hawa tun suna yara, har ya yi ƙulli a fatar gwiwa da guiwar hannu, zuciya ta kama su tun da ƙuruciya. A 1978 wani likita na jami'ar Osaka, Akira Yamamoto, ya ba wata budurwa ƴar shekara 18 mai irin wannan gado. Da farko an ba ta da yawa, tsokar jikinta ta yi rauni, aka tsayar. Da ta warware aka rage awon, aka ci gaba. Aka ba wasu majinyata, kitsen jininsu ya sauka da wajen kashi 30 cikin 100.

Duk da haka wahala ba ta ƙare ba. A 1980 kamfanin ya dakatar da aikin, bayan wani gwaji da aka yi wa karnuka da awo mai yawan gaske, wanda ya ninka na mutum nesa ba kusa ba. Lokacin Endo ya riga ya bar kamfanin, ya koma koyarwa a wata jami'ar aikin gona ta Tokiyo tun 1979. Kompaktin bai taɓa shiga kasuwa ba.

Amma wanda ya haƙa rijiya, ko bai sha ba, wasu za su sha. A Amurka wasu likitoci biyu, Maikel Buraun da Josef Goldistin, sun gano yadda hanta ke tsamo LDL daga cikin jini, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Aikinsu ya bayyana dalilin da ya sa maganin Endo ke aiki: in an hana hanta ƙera nata kitsen, sai ta juya ta riƙa kwasar wanda ke yawo cikin jini. Wani kamfani mai suna Merck ya samo ɗan'uwan kompaktin daga wata fumfuna, aka ba da izinin sayar da shi a 1987. Dangin wannan magani duka ana kiransu statin.

Saura tambaya guda, ita ce babba: maganin yana hana mutuwa, ko lamba kawai yake saukarwa bisa takarda? A ƙasashe 5 na arewacin Turai aka tara masu ciwon zuciya 4,444. Aka raba su biyu, rabi aka ba su statin, rabi aka ba su ƙwaya marar magani. Aka bi su fiye da shekara 5. A 1994 aka bayyana sakamako. Cikin kowane mutum 100 da ba su sha maganin ba, wajen 12 sun rasu. Cikin 100 da suka sha, wajen 8. Yau miliyoyin mutane ke shan statin kowace rana.

Endo bai yi arziki da wannan magani ba. An dai girmama shi da babbar kyautar Japan a 2006, da kyautar Laska ta Amurka a 2008. Ya rasu ran 5 ga watan Yuni 2024, yana da shekara 90.

To mu fa, masu fura da nono?

Na san abin da wasunku ke faɗi yanzu a gindin rediyo: "Malam, wannan ai cutar Turawa ce da masu kuɗi. Kakanninmu sun sha nono da man shanu har suka tsufa." Maganarku tana da ƙamshin gaskiya, kuma masana sun bincika ta kusa da mu.

Wasu malamai biyu na jami'ar Niyu Meziko ta Amurka, Robat Gilu da Doroti Fandajat, tare da likitocin Najeriya, sun auna Fulani makiyaya 121 a tsaunukan Jos. Suka bayyana sakamako a 2001. Sun tarar kusan rabin ƙarfin abincin mutanen nan daga maiƙo yake fitowa, amma kitsen jininsu lafiya lau. Sai dai ku dubi rayuwarsu. Yini suke bin shanu a ƙasa, abincin da suke ci duka-duka ba shi da yawa, jikinsu ba ƙiba.

Yanzu kowa ya dubi kansa. Wanda dā ke zuwa gona a ƙasa, yau ko masallacin unguwa sai bisa kabu-kabu. Da safe fanke da ƙosai, da rana shinkafa tana ninƙaya cikin mai, da dare tsire. Shayi zagaye uku, kowane da sukari. Miya kuma ga gishiri, ga dunƙulen magi. Mun riƙe man kakanninmu, mun ƙara wani bisa kai, mun ajiye tafiyarsu.

Akwai wani bincike kuma da ya fi kusa da labarin Baba. Likitocin Najeriya da Gana, har da na asibitocin Kano da Zariya, a ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, sun auna mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye. Kowane guda suka gwama shi da wani mai lafiya sa'ansa. A 2018 suka bayyana abin da suka gani. Babban dalili, wanda ya fi saura nesa, shi ne hawan jini. Mai bi masa shi ne lalacewar kitsen jini. Akwai kuma ciwon sukari, da taba, da yawan gishiri, da rashin motsa jiki. Sun ga masu cin ganye kullum sun fi tsira. Hawan jini yana gurje bangon jijiya, kitse ya samu wurin shiga. Wani lokaci ma hawan jinin shi kaɗai ke fasa jijiya cikin kai.

Kada kuma siriri ya ce ya kuɓuta. Akwai ramamme mai hawan jini, akwai ramamme mai gadon kitsen jini. Ido ba ya gane su, sai awo.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, awo. Duk babban mutum, balle wanda ya kai shekara 40, ya je gidan likita a auna masa hawan jini, ko da yana jin garau. Ba allura, ba zafi. Za a faɗa maka lamba biyu. In an ce 12 bisa 8, madalla. In ta kai 14 bisa 9 ko ta wuce, kuma aka sake awo wata rana aka samu haka, to akwai hawan jini. Shi kitsen jini sai an ɗebi jini an kai ɗakin awo, kamar a babban asibitin Damagaram. Lokotoro ne zai ce ko kana bukata. Abin da ake so, jimlarsa kada ta wuce giram 2 cikin lita. In mahaifinka ko ɗan'uwanka ya faɗi da ciwon zuciya tun bai tsufa ba, ka gaya wa lokotoro.

Na biyu, rubutu. Ka ware shafi guda a bayan kayenka. Duk ran da aka auna ka, rubuta kwanan wata da lambar. Ka tafi da shi duk lokacin da za ka likita. Da irin wannan rubutu Endo ya kai ga magani.

Na uku, tukunya. Uwargida, wannan a hannunki yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin magi. Ita ma kanwa dangin gishiri ce, a sa ta da awo. A rage soye-soye da kitsen nama. A yawaita zogale, da rama, da yakuwa, da tafasa, da kuka, da wake. Hatsinmu da dawarmu abinci ne na ƙwarai, kada mu raina su.

Na huɗu, ƙafa da taba. Wanda aikinsa na zama ne ya samu ko rabin awa kullum ya taka da sauri. Mai shan sigari ya bari, don hayaƙinta yana cin bangon jijiya.

Na biyar, magani. In lokotoro ya rubuta maka, duba sunan da kanka. In ka ga baƙaƙen nan a jere cikinsa, v, a, s, t, a, t, i, n, to jikan maganin Endo ne. Ba kowa ke bukatarsa ba, kuma ba a saye shi a faranti ko a bayan keke. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita halin da suke ciki. Wanda ya ji ciwon tsoka bayan ya fara sha ya koma ya faɗi. Maganin hawan jini da na kitsen jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a gama. Kamar shingen da muke kafawa a gaban rairayi suke. Ran da aka cire shinge, rairayi ya ci gaba da tafiyarsa. In kuɗin magani ya fi ƙarfinka, koma ka faɗa wa lokotoro, sau da yawa akwai irinsa mai rahusa.

Na shida, gaggawa. In kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannu guda ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya ɗaure da zufa, ku nemi mota nan take. Ku yi addu'a kuna tafe bisa hanya. Kowace awa da aka ɓata, wani fangali ne ke bushewa.

Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Magana ta dawo, yana takawa da sanda, amma hannun dama bai tashi ba. Watan jiya sai ga shi a bakin aji, jikansa na riƙe da shi. Ya ce, "Malam, a ba ni alli, hagu ma hannu ce." Yanzu ya koma kan baƙaƙen farko. A bayan kayensa akwai shafin awo, layi huɗu ke ciki. Shi da kansa ya ce in ba ku labarinsa, don kada wani ya jira sai ya ji ciwo.

Malamai, ga kalmomin da za a rubuta bisa allo: zuciya, jijiya, hanta, kitse, awo, fumfuna, magani.

Ga kuma tambayoyin da za ku tattauna bayan an rufe rediyo:

1. Don me mutum zai iya ɗauke da hawan jini ko kitsen jini bai sani ba?
2. Me ya bambanta rayuwar makiyayan Jos da tamu ta cikin gari?
3. A ajinku mutum nawa aka taɓa auna wa hawan jini? Ku ƙidaya, ku rubuta, ku sa ranar da saura za su je tare.

Ku aiko mana da amsoshinku da rubutun hannunku, za mu karanta su a wannan fili. Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.